Kiɗan Daƙiƙa Arba'in

Litinin, ƙarfe tara na safe

Likita ta ce in riƙa rubuta yadda kunnen yake kullum, don ta duba idan na koma. To, ga shi. Na dama lafiya lau. Na hagu yana wani siririn kuka, kamar an bar talabijin a kunne a ɗakin maƙwabta. Idan Malama ta yi magana ta wannan gefen, motsin bakinta kawai nake gani. Likita, Malama matata ce, koyarwa take yi, shi ya sa kowa yake kiranta haka, har ni.

An ce dodon kunnen ne ya yage, kuma yawanci yana haɗewa da kansa. Ba a dai yi min alkawari ba. Sharuɗɗa uku aka ba ni: kada ruwa ya shiga, kada in fyace hanci da ƙarfi, kada in saka iyafis. Na ukun ne ya tsaya min a rai.

Yau kwana shida ban je masana'anta ba. Sun ce in huta.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na ciro tab ɗina, 'yar kwamfutar nan ta hannu, daga jaka. Gilashin bai fashe ba, abin mamaki. Akwai ƙura a bakin caji, na hure.

Shekara uku ke nan ina haɗa kiɗa a kansa, da wata manhaja mai madannai irin na fiyano. Ba sautin wata ganga ko wani kayan kiɗa ake ɗauko maka ba, kai kake ƙera sautin da hannunka. Ka murɗa nan ya yi kauri, ka ja can ya yi laushi, ka taɓa wani wuri ya riƙa rawa. A motar ma'aikata nake yi, da lokacin hutun rana, kullum da iyafis a kunne. Fulogi, abokin aikina da muke gyaran injuna tare, yana ce masa kiɗan sauro. Shi kuma sunan Fulogi ya samo shi ne don gajere ne kuma nan da nan yake kamawa da wuta.

Ban kunna ba. Na mayar da shi jaka.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na karya doka, amma rabi. Na saka iyafis ɗaya a kunnen dama.

Rabin kiɗan babu. Ni da kaina na ajiye ƙananan sautukan masu kama da ƙararrawa a hagu, na bar kiɗan gindi, mai kaurin nan, a tsakiya, na baza wani sauti mai laushi ya cika gefe da gefe. Lokacin ina ta jin daɗin kaina. Yanzu sai ka ce gidan da aka kwashe kayan ɗaki ɗaya.

Wannan ba zan nuna wa likita ba. Zan sami wata takarda in rubuta mata nata daban.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Mai shirin rediyon nan ta kira. Ƙawar Malama ce tun makaranta, tana gabatar da shirin safe a gidan rediyo, na masu sana'ar hannu. Tun watan jiya ta ce in yi mata kiɗan buɗe shiri, daƙiƙa arba'in kacal. Karo na farko ke nan da wani ya nemi kiɗana.

Ta yi min jaje, ta ce idan ba zan iya ba kada in takura, za ta ci gaba da tsohon.

Na ce, "Ai ya kusa, gyara kaɗan ya rage."

Da na ajiye wayar, na tura ta ƙarƙashin matashi. Ba laifinta ba ne. Ganin lambarta a fuskar wayar ne kawai.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Na kunna wa Malama ta lasifikar tab ɗin, tana gugar kayan makaranta. Ta saurara har ƙarshe, ta ajiye dutsen guga.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Baban yara, kada ka ji haushi. Kamar ana kaɗa cokali a gwangwanin madara."

Na ji haushi. Amma gaskiyarta. Duk kaurin da na yi mako biyu ina ƙerawa ya ɓace, sai tsiririn sama kawai ya rage. Shekara uku ina zaton abin da nake ji shi kowa zai ji. Ashe ban taɓa sauraron kiɗana a cikin iskar ɗaki ba.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Sun kira daga ofis. Ban ɗauka ba.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Ƙanin Malama ya zo da tasi ɗinsa. Ya cika alfahari da lasifikokin motar, har wata babba ya sa a but. Ya ce, "Yaya, kawo kiɗan nan mu ji shi a inda ya dace."

Muka haɗa waya, ya murɗa. Daƙiƙa biyar na farko sun yi daɗi. Sai kiɗan gindi ya shigo. Ƙofar motar ta hau karkarwa, madubi yana rawa, abin ya doke ni a ƙirji.

Ban san lokacin da na fita ba. Sai ganina na yi tsugune a bakin kwata, hannuwana a kai. Yana tsaye a kaina yana cewa, "Yi haƙuri Yaya, wallahi na manta." Na ce masa ba komai, jiri ne.

Abin da na lura da shi bayan na dawo hayyacina: kiɗa ɗaya ne, a tab ba shi da gindi ko kaɗan, a mota gindin ya cinye komai. To wanne ne nawa?

Talata, ƙarfe takwas na safe

Kukan kunnen yana nan. Barci sama-sama. Malama ta mayar da kujerarta gefen damana a wurin cin abinci.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Na je shagon Baba mai gyaran rediyo, a bayan tashar mota. Tun ina yaro yake wurin. Shagon bai fi tabarma biyu ba, rediyoyi jibge har rufi, warin dalma ko'ina. Na yi masa bayani, ya ce in kunna.

Ya jona tab ɗin da wata tsohuwar rediyo mai lasifika ɗaya. Sai wani sabon abu ya faru. Sautin nan mai laushi da na baza gefe da gefe ya koma kamar ana magana a cikin bargo, wani wurin ma ya ɓace gaba ɗaya.

Baba ya ce, "Ɗana, su wa za su ji wannan kiɗan?"

"Masu sauraron rediyo."

"A ina?"

Bai jira amsata ba.

"Tela zai ji shi keke yana gudu. Mai walda zai ji shi a wayar da ke aljihunsa. Mai abinci za ta ji shi a rediyon da ta rataye a ƙusa. Cikinsu wa ka gani da abu biyu a kunne? Duk baki ɗaya ne yake musu magana. Abin da ka raba hagu da dama, idan aka cusa shi a baki ɗaya, wani yana danne wani."

Ya ciro wata lasifika tsirara daga kwali, faɗinta kamar murfin kofi. Ya ce in ɗora yatsa a kan takardar. Da kiɗan gindi ya zo, na ji tana ta motsi a ƙarƙashin yatsana, amma babu sauti.

"Ka gani? Ƙoƙari take yi. Ƙarama ce, ba za ta iya tura iska mai yawa ba. Ka ɗaga mata shi sama kaɗan, inda muryarta take kaiwa."

Na ce masa ai kunne ɗaya nake da shi yanzu. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce shi shekara goma sha biyar ke nan da na damansa ya yi ritaya, kuma ba wanda ya taɓa dawo masa da rediyo. Ya ba ni aron lasifikar a cikin wani ƙaramin akwatin katako, ya ce in dawo da ita idan na gama.

Na yi dariya yau. Na lura.

Laraba, ƙarfe sha biyu na rana

Matar Fulogi ta kira daga asibiti. Ta ce an yi masa aiki na biyu, ya yi kyau. Idon dama suna sa rai. Hannun sai a hankali. Ta ce yana tambayata.

Na ce mura nake yi, kada in kai masa.

Ba na mura.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

Na fara daga farko. Na tattaro komai na dawo da shi tsakiya. Na ɗora akwatin Baba a kan tebur, daidai gaban fuskata.

Na ɗaga kiɗan gindi hawa ɗaya, na ƙara masa ɗan kaushi, sai ga shi ya fito a ƙaramar lasifikar kamar wanda ya dawo daga tafiya. Sautuka tara ne a kiɗan. Na cire huɗu. Abin ya yi min ciwo, musamman mai laushin nan, kwana uku na yi ina ƙera shi. Amma da ya tafi sai sauran suka sami wurin numfashi.

Wani abin kuma: a kan katifa akwatin yana yin dishi-dishi. A kan tebur yana buɗewa. Idan na tura shi kusurwar ɗaki sai ya yi kauri kamar an ƙara masa girma. Na yi ta yawo da shi a gidan kamar mai neman sabis.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Malama ta dawo ta same ni a kicin da akwatin a kan firji. Na ce ta buɗe famfo, ta kunna fanka, ta ci gaba da aikinta kamar ba na nan.

"Yanzu kuma wankin kwano ma sai da kiɗa?"

"Ke dai faɗa min abin da kike ji."

Ta ce tana jin tin-tin ɗin sama da bugun ƙasa, amma na tsakiya ruwa ya tafi da shi. Na gyara. Ta ce yanzu ya fito, sai dai tin-tin ɗin yana sukar kunne. Wannan ni ban ji ba sam. Kukan da ke kunnena yana zaune daidai wurin da wannan sautin yake, shi ya sa nake ta ƙara shi ban sani ba. Na rage har sai da ta ɗaga hannu da kumfa ta ce ya isa.

Ta ce a sa sunanta a rediyo. Na ce sai dai a ce da taimakon famfo.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Wasiƙa ta zo daga masana'anta. Kwamitin bincike, ranar Talata, ƙarfe goma.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Ban taɓa tab ba. Na wanke takalma, na gyara makunnin fitilar bayi da ya shekara yana wasa, na sake wanke takalman.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Malama ta ce, "Abin da ka sani za ka faɗa. Ba su ce ka faɗi abin da kake ji ba."

Ta goge min farar riga.

Talata, ƙarfe uku na rana

Na je. Mutum biyar a dogon tebur. Na roƙi a mayar min da kujera yadda za su kasance a damana, suka yarda.

Na faɗa musu abin da na rubuta a littafin aiki wata biyu da suka wuce game da lalacewar agogon awon tankin iska, da wanda na nuna wa. Littafin yana gabansu, shafin a naɗe. Wannan bai yi wuya ba.

Sai wata mai farin gilashi ta ce, a jadawali sunana ne a kan tankin ranar. Me ya sa ba ni ne a gabansa ba lokacin da ya fashe?

Na ce an kira ni a waya. Na ce wa abokin aikina Fulogi ya riƙe min minti biyu. Na matsa bakin ƙofa don in ji sosai.

Ta tambaya ko kiran gaggawa ne. Na ce a'a. Maganar kiɗa ce.

Ta rubuta. Ba wanda ya ɗaga murya. Babbansu ya ce an gode, za a neme ni. A hanyar fita na bi ta bayan ofis don kada in wuce ta gaban ɗakin injin. An ce an sa sabon ƙyaure.

Yau ne karo na farko da na faɗe shi da bakina. Ƙasa ba ta tsage ba.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Na yi barci. Na tashi da yunwa.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Cokali ya faɗi a kicin, na juya hagu. Sai da na juya na gane abin da na yi. Na ce Malama ta sake yar da shi. Ta yar sau uku, tana dariya tana share ido. Can nesa nake jinsa, kamar daga ƙasan rijiya, amma ina ji.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Likita ta leƙa da fitilarta ta ce ramin ya ragu sosai. Kukan kuma wataƙila ya tafi, wataƙila ya zauna, sai dai mu jira. Iyafis har yanzu a'a. Na ce ba na ma nemansa. Ta karɓi takardar da na rubuta mata, layi bakwai, ta ce ni ba mai yawan magana ba ne.

Na gama kiɗan da rana. Na gwada shi a akwatin Baba, a wayar Malama, a tab, a talabijin. Na aika wa ƙaninta ya gwada a mota shi kaɗai. Ya turo saƙo cewa ƙofa ba ta rawa, kuma fasinja ya tambaye shi sunan waƙar. A kowanne kamarsa daban ce, amma a kowanne ana gane shi ne. Iyakar abin da zan iya ke nan.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na kai gidan rediyo da kaina. Mai haɗa sautinsu ya sa shi a manyan lasifikoki biyu, na ce don Allah a hankali. Ya yi kyau, ko da yake na ji wuraren da na cire abubuwa, kamar gurbin haƙori. Sannan ya danna wani abu, sautin ya koma wata 'yar rediyo da ke gefen teburinsa, duk ta sha salatif. Ya gyaɗa kai ya ce yawancin abin da ake kawo musu a nan yake mutuwa.

Mai shirin ta ce ranar Laraba za a fara. Da za ta raka ni, ta tsaya a bakin matakala ta ce, "Malama ta faɗa min ƙarfe nawa abin ya faru. Na duba wayata. Tun ranar ban daina tunani ba."

Na ce mata ita kira kawai ta yi. Ina faɗa na ji kamar da wani nake, ba ita kaɗai ba.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Ƙarfe bakwai da rabi na fita titi da gangan. Kiɗan ya fara daga shagon tela, siriri, keke yana taka shi. Kafin in kai kwana sai ga shi daga wata motar haya, da kauri. A wurin mai faci yana fitowa daga waya a cikin kofin roba. Ba wanda ya ɗago kai. Mai facin dai yana buga ƙafa, ban sani ba ko da kiɗan ne ko da famfon iskarsa.

Daƙiƙa arba'in, sai muryar mai shirin ta hau kai. Na tsaya a bakin titi kamar wanda ya manta inda za shi.

Na mayar wa Baba akwatinsa. Ya ce ya ji, ba laifi, amma ƙarshen ya yi gaggawa.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Na je asibiti.

Sau biyu ina kaiwa ƙofar ɗakin ina wucewa. A na uku matarsa ta gan ni, ta ce, "Shigo mana, ga shi nan ya ishe ni da faɗa." Ta ɗauki fulas ta fita.

Ya rame. Ido ɗaya a rufe da bandeji, ɗayan ja amma a buɗe. Hannun dama a naɗe har gwiwa. Na gaishe shi, ya amsa. Na zauna. Duk abin da na shirya a mota ya gudu.

Ya ce, "Murar ta warke?"

Na ce, "Ban yi mura ba."

"Na sani."

Na fara cewa ranar nan da ban… sai ya katse ni.

"Kai, saurara. Sau nawa na ce ka riƙe min in je in sha shayi? Sau nawa ka riƙe? Da ranar shayina ce, da kai ne a nan kwance, ni kuma ina can ina ƙaryar mura. Wanda ya ga rubutunka ya rufe littafi, shi nake jira, ba kai ba. Abin da ya ɓata min rai da kai ɗaya ne. Kwana talatin ina kallon silin, ba wanda zan zaga."

Kuka ya ƙwace min. Ya bar ni har na gama, yana kallon taga.

Can ya ce wai jiya ma'aikaciyar jinya ta zo da rediyo, matarsa ta ce masa kiɗana ne. Na tambaye shi yaya ya ji. Ya ce ya fi ƙarfin sauro, ya kai ƙuda.

Sannan ya ce masu gashin ƙashi sun ce dole ya riƙa motsa yatsun hagu, tunda su za su yi aiki kafin dama ta dawo, kuma ƙwallon robar da suka ba shi ta gundure shi. Ya tambaya ko abin nan nawa yana da wuya.

Na ce yatsa ɗaya ma ya isa a fara.

"To ka zo da shi ranar Asabar. Ka zo da abin da za mu ji a fili, ba na son a cusa min komai a kunne."

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Baba bai buɗe shago ba tukuna. Ina zaune a bencinsa ina jira in sake aron akwatin, tab a jaka, lemo shida a leda. Ana fara barin masu dubiya shiga ƙarfe goma.